Kada Ka Sauko, Yaya

Kowace shekara idan an gama yankan inabi, nakan je gidan kula da tsofaffi in ɗauko Yaya Firmin, in sa shi a 'yar motata mu zaga ƙauyukan gindin tudu. Tun rasuwar matarsa ƙwaƙwalwarsa ta fara raguwa. Yakan manta abin da ya karya da shi, wani lokaci har ya ɗauka iyayenmu suna raye. Amma idan ya ga gonakin inabi sai fuskarsa ta washe, shi ya sa ban taɓa fasawa ba.

A wannan Lahadin mun bi ƙauyuka biyu, sannan muka ƙarasa namu, Vauxelle, da hantsi. Garin cike yake da baƙi masu ɗaukar hoton coci da furannin tagogi. Ƙamshin inabi mai tsima ya cika kowane lungu.

"Auta," in ji Yaya, "waɗannan duk biki suka zo?"

"Kallo suka zo, Yaya."

"Kallon me? Bango?"

Na zaunar da shi a benci kusa da famfon dandali, na shiga shagon burodi. Mai shagon ta riƙe ni da labarin jikokinta, ni kuma ban iya katse mutum ba. Da na fito, benci babu kowa.

Na fara da maƙabarta, domin can yakan nufa. Na leƙa coci, na bi hanyar gonaki har inda kwalta ta ƙare, ina tambayar duk wanda na gani ko ya haɗu da dogon tsoho mai rigar sanyi ruwan toka. Ƙararrawar tsakar rana ta daɗe da bugawa kafin in tuna da tsohon gidanmu.

Mun sayar da gidan ga Thibaut, wanda ni na koya wa karatu a aji ɗaya. Yanzu ya jera tebura a tsakar gida, baƙi na cin abinci suna ɗanɗana giyarsa. Yana hango ni ya ɗaga hannu biyu.

"Malama! Yau kuma wane laifi na yi?"

"Thibaut, ka ga Yaya Firmin?"

Idonsa ya tafi kan ƙofar ɗakin ƙasa inda ake tsima inabi, wadda take a ɗan buɗe, sai na ga dariyar ta bar fuskarsa.

"Na kashe fanka," ya ce a hankali. "Tun tsakar rana. Baƙi suka ce ƙararta ta hana su hira."

Duk wanda aka haifa a garinmu ya san abin da hakan ke nufi. Inabi idan yana tsima yakan fitar da iska marar launi marar wari, mai nauyi, ta kwanta a ƙasa kamar ruwa a kwari, tana cika tana hawa idan babu fanka mai fitar da ita waje. Wanda ya shiga cikinta ba ya ko ihu, sulalewa kawai yake yi.

Thibaut ya ruga ya kunna fanka, ya ƙwala wa matarsa kira ta buga wa masu kashe gobara waya. Ni kuwa na zari kyandir daga kan tebur na kunna, na riƙe shi daidai gwiwata na fara sauka, yadda aka koya mana tun muna ƙanana. Ban kai rabin matakala ba harshen wutar ya tsuke ya mutu, alamar iskar ta hawo har nan. Thibaut ya fizgo ni baya.

"Malama, ko za ki zane ni, ba za ki ƙara taku ba."

A nan muka ji sautin. Dum, dum, dum. Da idona ya saba da duhu na hango shi can ɗaya ɓangaren, a kan dandamalin katako da ke bakin manyan ganguna, yana danna ɓawon inabi cikin ruwansa da doguwar sanda. Ashe ya ratsa ɗakin tun fanka na aiki, ya hau tsani, ya kama aikin da ya yi duk rayuwarsa. Farin ciki ya ɗebe ni na ƙwala masa kira.

"Yaya Firmin!"

"Auta ce? Ga ni nan zuwa."

Ya jingine sandar ya nufi tsani. Ƙasan tsanin kuwa cikin iskar yake.

Ban san inda na samu ƙafar gudu ba. Na fita na zagaya ta titi, inda wata 'yar taga mai ƙarafa take daidai ƙasa, ita ce kusa da dandamalin. Na durƙusa a kan duwatsun titi na manna fuskata.

"Yaya, tsaya! Kada ka sauko, iska ta cika ƙasa."

"Ji min yarinya. Ni za ki koya wa ɗakin nan? Yaushe aka haife ki? Yanzun nan na wuce lafiya lau."

Ya juya baya, ya ɗora ƙafa a matakin farko.

Ban taɓa yi masa ƙarya ba tun da ciwon nan ya same shi. Idan ya tambayi matarsa, nakan riƙe hannunsa in faɗa masa gaskiya. Amma a gidanmu akwai doka ɗaya: wanda ya danna ganga ba ya barin dandamali sai Baba ya hau ya ɗanɗana da bakinsa.

"Baba ne ya aiko ni," na ce. "Ya ce ka jira shi a nan, yana zuwa ya ɗanɗana."

Ƙafar ta tsaya. A hankali ya janye ta.

"To ki faɗi haka tun farko mana."

"Ya ce ka zauna nan bakin taga."

Ya zo ya zauna. Na zura hannu ta tsakanin ƙarafa na kama hannun rigarsa. Goshinsa duk gumi, numfashinsa sama-sama, ya ce kansa na sarawa. Na ce ya matso da hanci wajen iska. Baƙi suka fara taruwa a bayana, wata ma ta ɗaga waya tana ɗaukata hoto, ta ɗauka wata al'adar garin ce. Ina jin rurin fanka, ina jin Thibaut yana ƙyasta ashana yana zagin kansa duk sanda wutar ta mutu.

"Baba ya daɗe," in ji Yaya. "Bari in dubo shi."

"Ka san halinsa. In ya zo bai same ka ba, ni zan sha faɗa."

"Ke da ba a taɓa yi miki faɗa ba, 'yar lele."

Ya yunƙura sau biyu, ina riƙe da rigar har yatsuna suka ƙage. Can sai na hango ɗan haske yana ratsa ƙasan ɗakin. Thibaut ne, ya sunkuya, kyandir a daidai idon sawunsa, wutar tana ci tsaye. Ya hau tsani ya miƙa hannu.

"Baba Firmin, mu je waje, an zuba abinci."

"Kai kuma ɗan wa? Ba inda za ni sai mai gida ya zo."

Thibaut ya dube ni ta tagar. Iskar da ke fita daga bakin ganguna ba ta daina ba, kuma tsohon ya fara layi ko a zaune. Idan na ce masa Baba ya rasu tun da daɗewa, a kan wannan katako marar shinge, ban san abin da zai yi ba.

"Yaya," na ce, "akwai sauran saƙon, na manta. Ya ce in ya makara, kai ka ɗanɗana. Ya ce bakinka ya isa."

Ya zuba mini ido. Har Baba ya mutu bai taɓa miƙa masa kofin ɗanɗano ba, kuma duk gidan mun san abin ya tsaya masa a rai. Ya miƙe, Thibaut na tallafe da shi, ya ɗebo a ɗan kofin ƙarfe, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar.

"Da saura," ya ce. "Kada a taɓa ta sai jibi."

Sannan ya sauko.

Masu kashe gobara sun iso sun same shi zaune a tsakar gida. Suka sa masa abin shaƙar iska na ɗan lokaci, suka ce in kai shi asibiti a duba. Muka shiga mota, muka bar ganuwar gari. Sai ya juyo.

"Auta, da bakinsa ya faɗi haka?"

Na rage gudu, na riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Da bakinsa, Yaya."