Haddar Baba Direba

Ƙofar ɗakin gwajin ido ba ta rufuwa sosai, Baba Direba kuwa da gangan ya zauna a bakin bencin da ke dab da ita. Duk wanda ya shiga, sai muryarsa ta fito tar yana karanta haruffan allon, layi bayan layi. Kafin mutum na huɗu ya fito, Baba ya haddace allon tun daga sama har ƙasa. Dama kai gare shi. Tun yana yaro sau biyu ake biya masa karatu ya riƙe.

Shekara goma sha tara yana jan motar makaranta, yara talatin da biyu safe da rana, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Amma tun bara idonsa na hagu ya fara gani dishi-dishi, yanzu na daman ma ya bi sahu. Bai faɗa wa kowa ba, har mai ɗakinsa. Idan takardar gwajin nan ta fita babu hatimi, makaranta za ta karɓe makulli, shi kuwa ban da tuƙi bai iya komai ba.

Ranar Talata ce ta hana shi sakat. Wata 'yar aji ɗaya ta sauka, ta zago gaban motar ta hagu. Bai gan ta ba. Wallahi bai gan ta ba! Ihun wata mata ne ya sa ya taka birki, ya leƙo ya tarar da yarinyar tsaye, hannunta a kan fitilar motar, tana yi masa dariya.

"Baba, shigo," in ji nas ɗin da ke gwajin.

Ta sa ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta ɗora sanda a kan allo. Babban harafin sama kaɗai ya gani, sauran kamar tururuwa a bango. Ya buɗe baki ya zuba hadda. Har da ɗan tuntuɓe ya yi da gangan a layin ƙarshe, don kar a gane.

"Kai, Baba, ai idonka ya fi nawa!" Ta buga hatimi tana dariya.

Ɗaya da rabi ya shiga motar makarantar, ƙarfe biyu ake tashin yara. Ya zura makulli, hannu ya ƙi murɗawa. Ya waiga hagu, inda yarinyar nan ta ɓullo ranar Talata, bai ga komai ba sai toka-toka. Kullum da safe iyaye mata sukan miƙo masa yaransu ta ƙofar motar nan, su ce, "Baba, ga amanarka," su juya ko waiwaye babu. Tsoro ya rufe shi, gumi ya jiƙa masa riga. Nas kam, ya ruɗe ta. Ranar da Allah zai tambaye shi ɗan wani fa, wace hadda zai kawo?

Ya zare makullin ya koma wurin nas ɗin.

"Mantuwa ka yi, Baba?"

"'Yata, sake gwada ni. Amma ki riƙa tsallake layi."

Ta dube shi, dariyar ta ɗauke. Ta ɗora sandar can tsakiya. Shiru. Ta matsar da ita sama. Shiru.

"Ƙarya na yi miki," ya ce a hankali. "Daga benci na haddace. Bakin sandar ma ban gani ba."

"Innalillahi! Me kake tuƙawa?"

"Yara."

Ta daɗe riƙe da biro kafin ta ja layi a kan hatimin. Ta rubuta masa takardar ganin likita, ta ce wataƙila yanar ido ce kawai, ana cirewa. Wataƙila kuma ba ita ba ce. Ya kira shugabar makaranta ya ce a turo wani ya ɗauki motar. Tana ta tambaya, ya ce zai zo da kansa ya yi bayani.

A bakin titi ya tsai da motar haya. Direban, wani matashi, ya leƙo ya ce, "Baba, ina zuwa?"

Baba ya sunkuyo dab da taga, ya daɗe yana leƙen idanun direban.

"Lafiya, Baba?"

"Lafiya lau," ya ce. Ya yi bismillah ya shiga.