A Danginmu Babu

An wasa wuƙa, liman ya zauna, sai Mainassara ya ce a kwance ragon sunan. Ba zai zubar da jini don ɗan da ba nasa ba.

Matarsa Zuhura na ɗaki tana ji, jaririn a cinyarta, fari fat, gashinsa ja-ja. Zabiya. Shekara shida tana roƙon Allah haihuwa.

Abin da ya fi ƙona mata rai, Mainassara dillalin shanu ne. A kasuwar Dakoro shi ke cika baki cewa maraƙi kan tsallake uwa da uba ya ɗauko launin kakansa. Ashe ilimin nasa a kan dabba ya tsaya.

*

Da ƙyar ta ja shi asibiti, uwarsa Dela na biye. Lokotoro, wato likita, ya zana musu a takarda: halittar kowane ɗa, rabi daga uba take, rabi daga uwa.

"Zabiya ba ya zuwa sai ku biyun kuna ɗauke da abin, ko bai nuna a jikinku ba."

"A danginmu babu," in ji Mainassara. "Inna, ko akwai?"

Dela ta dubi ƙasa. "Ban taɓa ji ba."

Kafin la'asar takardar saki ta iso hannun Zuhura.

*

Ranar da za ta koma gidansu a Mai Yara, Dela ta cim mata a tasha. Ta ja mayafin Zuhura ta rufe kan jaririn.

"Kada ki bari rana ta taɓa shi. Ki riƙa duba bayan kunne, nan gyambon ka farawa."

Zuhura ta yi cak. "Inna, ina kika san wanga?"

Tsohuwar ta murza bakin zanenta.

"Ɗana na fari, wan Mainassara, shi ma haka ya zo. Shekara tara ya yi a ɓoye wurin uwata a Tagriss, kafin ya rasu."

Zuhura ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Wannan matar ce ta yi mata wankan jego.

"To ki hwaɗa mashi! Magana guda, Inna, ki wanke ni!"

"Ƙannenshi mata ukku ba su yi aure ba. In gari ya ji, wa ka ɗaukar su?"

Mota na shirin tashi. Dela ta tofa wa jikanta addu'a a ka, ta waiga ko wani ya gan ta, ta sulale ta bayan rumfuna.