Wayar da Yaya Ya Ɗaura a Fiyus

Yayana Dachung ya yi shekara ashirin da biyu yana gyaran wutar mota a Farin Gada, can Jos. Injiniya ake kiransa, shi ma kuma ya yarda da sunan. Ya zo wurina a Lanham da bizar ziyara, wata shida suka cika bai koma ba, sai ya zama mutumin falo: ba aiki, ba takardu, ko jiniya ya ji a titi sai ya rage sautin talabijin. Hannunsa kuwa ƙaiƙayi yake yi. Ya gyara mini fanka, ya kwance na'urar ɗumama abinci da lafiyarta ƙalau ya mayar, daga nan idonsa ya faɗa kan motata.

Tsohuwa ce, launin toka, amma ita ce aikina. Ina kula da tsofaffi a gidajensu, gida huɗu a rana tsakanin Laurel da Fort Washington, kuma kamfaninmu ba ya riƙe ma'aikaciyar da ba ta da mota.

"Kaneng, motar nan taki kalar kwalta ce," in ji shi wata safiya. "In ana ruwa ba mai ganinki. Duba na mutane, duk da fitilar rana suke tafiya."

Nufinsa siraran fararen fitilun nan da ke ci a gaban sababbin motoci ko da rana tsaka. Na ce, "Yaya, bar ta haka." Bai bari ba. Da kansa ya yi odarsu, ranar Asabar ya buɗe bonet a bayan gidanmu yana waƙar coci. Tun zuwansa ban ga fuskarsa a sake haka ba.

Sau biyu yana haɗawa fiyus, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, na ƙonewa. A na uku ya fere waya da haƙori, ya zare jan ƙarfen ciki, ya nannaɗe a ƙafafun mataccen fiyus ɗin ya cusa. Fitilu suka kama.

"Fiyus ɗin ƙasar nan rago ne," ya ce yana goge hannu.

Ina tsaye na gani, ba zan ce ban gani ba. A gaban irin wannan aiki na girma, rabin tasin Jos a haka suke yawo. Har godiya na yi masa, na kawo masa ruwa.

Bayan mako biyu lokacin sabunta inshora ya yi. A waya na cike fom ɗin, a tsaye, tsakanin gida da gida. Akwai tambayar ko an canza wani abu a motar, na danna a'a ban ko tsaya ba. A Jos inshora takarda ce da ake saya don a nuna a shingen hanya, a ninke a mayar. Shekarata goma sha ɗaya a nan, ashe wannan ɓangaren kaina bai taɓa baro Jos ba.

Wata Laraba, wajen ƙarfe goma na safe, ina gidan wata tsohuwa a Laurel ina ba ta magani, maƙwabcinta ya shiga dukan ƙofa. Kafin in leƙa, gaban motata ya kama da wuta, wutar har ta lashi ƙofar garejin gidan. Tsohuwar shekararta tamanin da takwas, ba ta iya tafiya. Goya ta na yi na fita ta ƙofar baya, tana tambayata ina za mu. Ba wanda ya ji rauni. Na gaya wa Yaya da mutanen coci cewa batir ne.

Kwana goma bayan haka kamfanin inshora ya kira ni filin da ake tara ƙonannun motoci. Mai binciken mace ce, doguwa, ba ta da fara'a kuma ba ta da wulaƙanci. Ta ɗaga wata 'yar leda. A ciki ga fiyus ɗin, ya narke, jan ƙarfen nan na nannaɗe yadda Yaya ya bar shi.

Ta yi mini bayani a hankali. Fitilun ba na kamfanin motar ba ne, kuma na rubuta cewa ba a canza komai ba. Wannan matsala ɗaya ke nan. Ta biyu, inshorar gidan tsohuwar tana neman wanda ya yi haɗin. In garejin makanikai ne, za a bi garejin. In mutum ne, sunansa da adireshinsa za su shiga takarda, wataƙila har kotu.

"Wa ya ɗaura wannan?" ta tambaya.

Na tuna Yaya yana rage sautin talabijin. Na ce, "Ni ce."

Ta dubi hannuwana, ta dube ni. "Da me kika fere wayar?"

"Da wuƙa."

Ta rubuta. Ta ce bayanin nan ana naɗa, kuma ƙarya a cikinsa laifi ne babba, ko ina so in gyara wani abu? Na ce a'a, na sa hannu.

Wasiƙar ta zo cikin mako guda: ba za su biya motar ba, sun kuma soke inshorar. Kamfaninmu ya cire sunana daga jadawali, suka ce in kira idan na samu abin hawa. Da na koma gida na zayyana wa Yaya maganar duka, ban rage masa komai ba. Sai ya ce, "A gida ba ta taɓa kamawa ba."

"Ta kama a nan, Yaya. Da tsohuwa a bayana na fita."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushinsa, na ji haushin kaina. Amma na yi tunanin aƙalla na rufa masa asiri. Mota ta tafi, aiki ya tafi, shi yana nan. Da wannan nake lallashin kaina.

Ranar Lahadi muka hau bas zuwa coci. Muna shiga harabar sai ga babbar motar Debbie tana shigowa. Debbie ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kafanchan, yara uku take da su, ƙaramar ba ta kai shekara biyu ba. A ƙasan manyan fitilun motarta ga siraran fararen nan suna ci, irin nawa sak.

Ta sauke gilashi tana murmushi. "Sister Kaneng, sannu da abin da ya faru. Kin ga aikin Yayanki? Tun watan jiya ya sa mini, ko kuɗin shan ruwa bai karɓa ba. Ya sa wa ɗan cocinmu Kambai ma, da motar mawaƙan coci."

Na juya. Yaya yana kallon takalminsa.

"Yaya, fiyus ɗin nata fa?" na tambaye shi a hankali.

"Shi ma ya yi ta ƙonewa," ya ce.

"Tun da tawa ta kama, ka gaya musu?"

"Ina ta neman yadda zan fara," ya ce.

Ban ji wa'azin ranar ba. Na san cocinmu: abin da mutum uku suka ji kafin a tashi, kafin yamma ya kai Baltimore. Debbie kuma ba za ta cire waya ta yi shiru ba, gareji za ta je, garejin zai tambayi wanda ya yi, ita kuma ba ta iya ƙarya ba. Daga nan takardar da na sa wa hannu ta zama shaida a kaina, Yaya kuma sunansa ya fita. Yana gefena yana riƙe da littafin waƙa a kife, bai lura ba.

Da aka tashi na tsaya a bakin ƙofa. Ina kallo Debbie ta sa manyan yaran a baya, ta ɗaure ƙaramar a kujerarta, ta ja bel ɗin ta gwada ko ya kama. Ta zagaya ta zauna, ta tayar da mota. Fitilun suka kawo.

Yaya ya riƙe mini hannu. "Kaneng, bari zuwa gobe. Zan je gidanta in cire da kaina, ba wanda zai sani."

Gidanta tafiyar minti arba'in ce a babbar hanya. Na zare hannuna, na taka har wurin motar, na buɗe ƙofar baya na fara kwance bel ɗin yarinyar.

"Lafiya?" in ji Debbie.

"Kashe motar, ki sauke yaran," na ce. "Tawa ba batir ba ne. Kira mini Kambai ma, kafin ya fita."