Wuƙar Injin Maman Rwang

Wata uku da dawowar Balaraba garin Bukuru, kusa da Jos, daga Katsina, ƙawa ɗaya tak ta yi, maƙwabciyarta Suzana, wadda ake kira Maman Rwang. Ita ce ta ara mata injin markaɗe mai kwano da wuƙa a tsakiya, ta ce a dawo da shi kafin la'asar, tana da baƙi daga coci.

Ina ruwan Balaraba da tambaya? Sai ta zuba masa dafaffiyar doya wai za ta yi sakwara. Sakwarar kuwa ta yi, amma kafin a gama ci sanyin Jos ya daskarar da ragowar, wuƙar ta kafe a kan sandarta kamar an yi mata walda. Hankalin Balaraba ya tashi ƙwarai, don in ta ɓata da Maman Rwang ba ta da wanda za ta ce wa ina kwana a unguwar nan.

Mijinta Gwadabe, direban bas, ya naɗe hannun riga. Ya ja, ya murɗa, ya yi nishi, har hannunsa ya sage. Wuƙa ko gezau.

A ƙasan injin akwai lambar mai shagon da ta sayar da shi, wata Madam Oluchi. Balaraba ta shige ɗaki ta kira ta.

"Madam, wuƙar ce ta ƙi fita. Maigidana ya ja ta har hannunsa ya mutu."

"Hajiya, ba da ƙarfi ake yi ba," in ji Oluchi. "Ki sa shi cikin ruwan ɗumi da omo ya jiƙa. Ki shafa masa man gyaɗa. In bai yi ba, ki kifa shi ki bubbuga bayansa."

To, a Katsina wuƙa mace ce, tun kaka da kakanni. Duk wanda aka ce wa "shi" a zancen nan mutum ɗaya ne. Balaraba ta ce a ranta ai mai kaya ta fi kowa sanin kayanta, wataƙila haka ake dawo wa hannu da ƙarfi.

"Baban Fiddausi, Madam ta ce ka shiga baho."

"Ni?"

"Kai. Lokaci na tafiya!"

Gwadabe mutum ne mai jin kunyar a ce wuƙar girki ta gagare shi. Ya shiga da gajeren wando, ya jiƙa cikin kumfa yana karkarwa. Ta tsamo shi ta mulke da man gyaɗa. Ya koma kan wuƙar, yanzu ma hannun santsi yake yi. Sai ta kifa shi a tabarma ta hau bubbuga masa baya.

Ana cikin haka Maman Rwang ta yi sallama. Ta dubi Gwadabe yana ƙyalli kamar soyayyen kifi, ta kau da kai don kara, ta leƙa kwanon injin.

"Kai, kar ki damu, Maman Fiddausi. Shi ya tsufa, haka yake yi. Ki ba ni shi in tafi da shi gidana, ni na san yadda nake juya shi."

Balaraba ta miƙe tsaye, ta tare gaban mijinta, idonta ya ciko. "Ki riƙe injinki, ki riƙe ƙawancenki! Wannan dai ba inda za ki kai shi, ko da ya tsufa!"

Gwadabe, wanda a Jos aka haife shi, ya ɗago kai daga tabarma a hankali.

"Balaraba, wuƙar take nufi." Ya goge man da ke ɗiga daga haɓarsa. "Tsaya tukun. Ita Madam ɗin da kika kira, faɗa mini daidai abin da ta ce."

Maman Rwang ta zame ƙasa tana dariya har da hawaye, ta jawo Balaraba ta rungume. Gwadabe kam bai yi dariya ba, sai dai ya gyara kwanciya ya ce tunda an fara, a ƙarasa masa ta wajen kafaɗar hagu.