Furannin Ƙofar Dilli Ram

Ranar bikin auren 'yar gidan Kadariya aka fasa gidaje uku a layinmu. Duk mutanenmu na wannan yanki na birnin Columbus a Amurka suna zauren biki tun hantsi, har da tsofaffin da sai an riƙe musu hannu, don haka masu aikin ba su yi gaggawa ba. Ta ƙofar baya suka shiga, da rana tsaka, suka yi abin da ya kawo su a tsanake.

Gidan Dilli Ram Timsina ne na tsakiya. Shi da matarsa Pabitra ɗalibaina ne. Ina koya wa tsofaffinmu Turanci a ɗakin karatu na unguwa, kamar yadda na koyar da 'ya'yansu a sansanin gudun hijira a Nepal kafin a kwaso mu nan. Da na shiga wajensu da yamma, na tarar da shinkafa baje a ƙasan kicin, fari fat, har ƙarƙashin firji. Ba a taɓa talabijin ba. Buhun shinkafa aka nufa kai tsaye.

"Malam, duba mini," in ji Pabitra. "Ko ɗana ban taɓa gaya wa inda nake ajiyewa ba. Wa ya gaya musu?"

"Didi, ai dukanmu cikin shinkafa muke ɓoyewa," na ce mata, don Didi, wato yaya, nake kiranta. "Sirrin nan babu tsohuwar da ba ta san shi ba."

Ta so ta yi dariya, ba ta iya ba. An tafi da awarwaronta, da 'yan kunnen mahaifiyarta waɗanda ta ɗinke a bakin zane ta ƙetaro da su daga Bhutan. Sarƙar aurenta kaɗai ta tsira, don tana wuyanta.

Dilli Ram yana tsugune yana tara shinkafar da tafin hannu, yana zubawa a kwano. An daɗe da tunaninsa ya fara yoyo. Wani lokaci ya san ni, wani lokaci ya ɗauke ni malamin gona da ya sani yana saurayi.

"Wa ya bar kaji suka shigo?" ya tambaya.

Ɗan sandan da aka turo matashi ne mai ladabi, ni na yi musu tafinta. Da ya gama tambayoyinsa sai ya ce mu fito waje. Gidajen layinmu duk uwa ɗaya uba ɗaya ne: jan bulo, farar ƙofa, 'yar matattakala. Ya nuna saman ƙofar Timsina, inda igiyar furannin roba masu launin ruwan lemo take rataye tun bikin fitilu na bara. Ya nuna takalman da ke jere a bakin ƙofa. Sannan ya nuna sauran gidaje biyun da aka shiga.

"Ka gaya musu," ya ce, "da ni ɓarawo ne, ba sai na tambayi kowa gidan da ake ajiye zinariya ba. Daga cikin mota zan gane. Su sauke furannin, su shigar da takalman."

Na fassara kamar yadda ya faɗa, ban rage ba.

Washegari Tek Nath, ɗansu, ya fito da kujera ya taka. Ma'aikacin babban ɗakin ajiyar kaya ne, yaro mai hankali, tun yana aji biyu na san shi da haka. Uwar ta riƙe ƙafar kujerar, kamar mai tsoron kada ya faɗi, amma ba don haka ta riƙe ba.

"Me ya rage su ɗauka?" ta ce. "Tukunyar miya?"

"Ama, kin ji bakin mutumin nan. Tuta muka kafa musu."

"Tun muna bukkar gora a sansani furannin nan suke ƙofarmu."

"A bukkar gora kowa ya san kowa. Nan surukarki Yamuna takan wuni ita da jariri. In sun dawo sun tarar da mutum fa? Kin ji abin da ɓarayi suka yi wa tsohuwar nan ta garin Akron."

"To, ubanka fa? Da me zai gane ƙofa?"

Tek Nath ya tsaya da hannunsa a kan ƙusa.

Ga abin da take nufi. Kullum bayan abincin rana Dilli Ram yakan sa hularsa da rigar sanyi, ya bi layin har ɗan tafkin da ke bayan wurin ajiye motoci. Ya tsaya ya kalli agwagin ruwa, ya yi musu irin kiran da yake yi wa shanunsa a da, sannan ya juyo. Cikin duk abin da mutum yake yi da kansa, wannan kaɗai ya rage masa. Wanka sai an taya shi, magani sai an ba shi a baki, amma tafkin nasa ne. Lambar gida ta daɗe da fita daga kansa, furannin yake nema. In ya yi kuskure ya faɗa gidan maƙwabta, na Adhikari ko na Subba, ba wani abu, su ma suna da furanni. A ba shi shayi, a yi masa tsiya, a rako shi gida.

"Sai ya daina fita," in ji Tek Nath, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka ce a binne shi kawai."

A nan na sa baki. Na ce su ba ni shi in koya masa. Na koya wa mutanen da ba su taɓa riƙe fensir ba rubuta sunansu suna da jikoki, lamba ɗaya ba za ta gagare mu ba. Tek Nath ya cire furannin. Kafin mako ya zagayo, duk layin an sauke, takalma sun koma ciki. Ni kaina in na shigo layin sai in ji kamar na ɓata hanya.

Muka fara darasi. Nakan zo bayan abincin rana mu tafi tafki tare. A hanyar dawowa in tsayar da shi a gaban ƙofa, in nuna masa baƙaƙen lambobin, ya faɗa da yarenmu, ya faɗa da Turanci, ya shafa su da yatsa.

"Malam, har yanzu wannan darasin kake?" yakan ce. "Shi ya sa ba a ƙara maka girma ba."

"Yaya, ɗalibin ne mai taurin kai."

"Taurin kai? Ni da na sayar da lemo har Indiya? Kai dai ka kawo bulala, ka ga ko zan yi kuka."

Sannu a hankali na fara ja da baya. In bar shi ya yi gaba, ina binsa daga nesa. Sai in ga ya zo daidai ƙofarsu ya tsaya, ƙofar ta buɗe, ya shige. Kwana da kwanaki haka, bai kuskure ba. Na shaida wa Tek Nath cewa mahaifinsa ya ci jarrabawa. Ashe amsa ake sata masa. Pabitra ce take tsayawa bayan labule, da ta hango hularsa sai ta taɓa gilashin taga da zobenta, ya waiwayo. Ba ta gaya mini ba, don tana tsoron in an san bai koya ba za a hana shi fita.

Ƙarshen Oktoba ne, ganyen bishiyoyi duk ya zube, maƙwabtanmu Amurkawa sun jera kabewa a matattakalarsu. Ranar Pabitra tana da ganin likitan ido, Tek Nath ya kai ta, layi ya yi musu tsawo. Yamuna tana yi wa jariri wanka a sama lokacin da tsohon ya sa hularsa.

Ita ta kira ni a waya. "Malam, Baba bai dawo ba. Shayinsa har ya huce."

Na je tafki, agwagi kawai na tarar. Na bi layinmu ƙofa ƙofa. Da na zagaya layin baya, wanda ba shi da bambanci da namu ko na bulo ɗaya, sai na hangi motocin 'yan sanda biyu, fitilunsu na juyawa ba jiniya.

Takalmansa na fara gani. Suna ajiye a kan tabarmar bakin ƙofa, a jere, kawunansu na kallon waje, yadda Pabitra take so. A jikin ƙofar an rataye wani zagayayyen ado na ganyen roba, irin wanda suke sawa a wannan lokaci na shekara. Launinsa ruwan lemo ne, irin na furannin.

Yana zaune a kan ciyawa da safa kawai, hannuwansa a baya cikin ankwa, goshinsa ya fashe. An daka masa tsawa ya kwanta bai gane ba, ya miƙe zai gaishe su, aka kai shi ƙasa. Hularsa tana can gefe.

"Malam," ya ce da ya gan ni. "Gara da ka zo. Ɓarayin nan sun dawo. Har kujeru sun canja mana."

Matar gidan tana tsaye a matattakala an yafa mata bargo. Dattijuwa ce, sunanta Misis Hollis, ita kaɗai take zaune tun rasuwar mijinta. Ta ji labarin fashe-fashen layinmu, tun ranar take ajiye bindigar mijin kusa da ita. Ta fita zubar da shara ta manta ba ta kulle ba. Da ta sauko daga sama sai ta ga mutum a kicin ɗinta yana buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya.

Na yi mata bayani a hankali, kalma kalma, kamar a aji. Na ce ganyen shayi yake nema.

"Yatsana yana kan kunamar bindigar," ta ce. Ta sake faɗa. "Yana kai. Ya juyo ya yi mini murmushi, ya haɗa hannuwansa. Ban san me ya hana ni ba." Sai ta fashe da kuka, ta zauna a matattakalar.

Matashin ɗan sandan nan ya iso daga baya, ya gane mu. Shi ya sa aka kwance ankwar. Ya dubi takalman, ya ɗaga kai ya dubi adon ƙofar, ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya ɗauko takalman da kansa, ya kawo ya ajiye gaban tsohon.

Ba a kai maganar ko'ina ba. An yi wa goshin ɗinki, Misis Hollis ta aiko da kek, Pabitra ta mayar mata da farantin cike da soyayyiyar gurasar shinkafa. Tek Nath kuwa ya sayo sakata mai makulli, ya kafa ta can sama inda hannun uban ba ya kai. Wannan karon uwar ba ta riƙe ƙafar kujera ba. Tana zaune tana kallo har ya gama ɗaure ƙusoshin.

Mun gwada fita da shi da rakiya. Ya je tafkin sau ɗaya ko biyu, amma da ya ji hannu a damtsensa sai ya ƙame, ya mayar da hannuwansa baya da kansa. Agwagin ma ya daina kiransu. Daga baya sanyi ya shigo sosai, aka bari.

Na je duba su wata ranar Asabar bayan abincin rana. Ta ƙofar baya Yamuna ta shigar da ni, ta sa yatsa a leɓe. Da na leƙa falo sai na ga furannin. Pabitra ta ciro su daga akwati ta rataye su saman ƙofar gaba, amma ta ciki, inda ba mai gani daga titi.

Dilli Ram yana tsaye a gabansu da hularsa da rigar sanyi. Ya cire silifas ɗinsa ya jera su gefe. Ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa ƙofar a hankali.

"Pabitra, buɗe. Ni ne."

Tana tsaye bayansa da kofin shayi. Ta taɓa kafaɗarsa. Ya waiwayo ya dube ta da ladabi.

"Yi haƙuri, ƙanwata, kada ki damu. Nan ne gidana. Yanzu matata za ta buɗe."

Ya sake ƙwanƙwasawa.

Na ja ta gefe, na ce, "Didi, ko a sauke su? Kin ga rikita shi suke yi."

"Na sauke, Malam. Ranar wuni ya yi yana kuka, wai an kawo shi gidan mutane, a taimaka a kai shi gida." Ta dubi kofin da ke hannunta. "In suna nan, ko ba komai ya san ya iso ƙofa."

Ta jawo kujera ta ajiye masa kusa da silifas ɗin, don in ƙafarsa ta gaji. Ya yi mata godiya, ya zauna, ya karɓi shayin da hannu biyu, idonsa na kan furannin yana jira.