Jar Jakar Allura

"Ba zai yi tseren nan ba," in ji uwar, ta tare bakin ƙofa.

"Likitarsa da bakinta ta ce ya yi gudu kamar kowane yaro. Ko kin fi ta sani?" in ji uban.

"Jiya bai taɓa abincin dare ba. Kai ba ka lura ba."

"Kullum lallaɓa shi kike kamar ƙwai. Yaushe zai yi ƙwari?"

Uban ya kama hannun yaron. Shekararsa takwas, tsawonsa na ɗan sha biyu, shi ya sa ake ce masa Ƙato. Ciwon da aka haife shi da shi ne ya miƙar da shi haka. Jikinsa ba ya yin sinadarin da ke tallafar mutum in wuya ta zo, gishiri ma ba ya zama a jininsa. Ƙwayoyi ke riƙe da shi. In ya amayar da su, sai allura, nan take.

"Ku je," ta ce. "Ƙafata ba za ta taka filin ba."

A filin makaranta malamin wasanni ya dubi tsawonsa, ya jefa shi layin manya.

"Wannan ai ingarma ne."

Kallon kitse ake wa rogo. Uban ya sani, amma maganar ta yi masa daɗi. Sai da yaron ya sunkuya zai ɗaure takalmi uban ya ga busasshen tabo a kan igiyar, ya ji tsami-tsami.

"Amai ka yi?"

"Kaɗan ne, Baba. Bayan na sha magani. Kada ka gaya wa Mama."

Uban ya dubi sauran iyaye. Ya tuna gardamarsu a bakin ƙofa.

"Je ka," ya ce.

Aka busa usur. Ƙato ya zo na biyu, ana ta tafi. Ya tako wajen ubansa yana murmushi, ya zauna a ƙasa, sannan ya kwanta. Leɓɓansa sun yi fari, hannunsa sanyi ƙalau.

"Baba, barci nake ji."

Uban ya shafa aljihu. Makulli. Waya. Jar jakar allurar a cikin jakar uwar take zama, shi bai taɓa ɗaukar ta ba.

Ya kira uwar. Wayar tana ringin. Ya san halinta, in ta yi fushi kife wayar take yi. Ya sake kira, ɗayan hannun a ƙirjin yaron.

"Haba," ya ce a hankali, "ba za ki ɗauka ba?"