Inda Garma Take Juyawa

Ranar da na fara aiki, dattijon da ake kira Bai Kolyo ko sannu da zuwa bai ce mini ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ce aka ce za ki gaje ni? To, hau. Kar ki taɓa komai, kar ki tambayi komai."

Na farkon na iya. Na biyun kuwa, uwata ma ta yi ta gaji ta bar ni da halina.

Na daɗe ina tuƙa motar burodi a garin Smolyan, da gidan burodin ya rufe na dawo ƙauyenmu. Na tarar hukumar gari na neman mai tuƙa motar share ƙanƙara, don idon Bai Kolyo ya fara rauni, wannan hunturun ne nasa na ƙarshe. Aka ce in zauna gefensa in koya.

Tsohuwar mota ce, garmar ƙarfe a gaba, yashi da gishiri a baya. Ba mu yi nisa ba na fara. Me ya sa yake karkata garma dama a nan, hagu a can? Don kar ya toshe ƙofar makaranta. Me ya sa yake ɗaga ta a gaban coci? Akwai murfin magudana da ya ɗan taso. Jajayen sandunan nan na gefen hanya fa?

"Don kar ki je share kwazazzabo da kanki," in ji shi. "Nevena, bakin nan naki ba shi da birki ne?"

Duk wannan na gane. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Bayan gadar ƙarshen gari hanya tana haurawa zuwa wani gida guda, hayaƙi na tashi a rufinsa, amma kullum muka isa gadar sai ya juya. Na tambaya, ya ce mota ba ta iya hawa. Motar da na ga ta hau tudun maƙabarta, wanda ya fi wannan tsayi, ko tari ba ta yi ba!

Na matsa masa lamba har ya gaji. Muna shan miyar wake a shagon gari ya ajiye cokali ya faɗa mini. Gidan wata tsohuwa ne, Baba Ginka. Tun da mijinta ya rasu, ɗanta Rumen yake son ta riƙa yin hunturu wurinsa a birnin Plovdiv. Ita kuma duk kaka sai ta ce bari ta tone dankali, bari ta gama tsimin kabeji, har ƙanƙara ta sauko ta rufe hanya. A shekarar farko ta sauko har gada, ta tsaya gaban garma, ta sa Bai Kolyo ya rantse ba zai taɓa buɗe hanyar ba. Tun daga nan in Rumen ya bugo waya amsa ɗaya yake samu: hanya a rufe take. Garin alkama da mai kuwa, mai gadin daji ke kai mata jefi-jefi.

"Wannan ma yana cikin gadon," in ji shi. "In kika buɗe, kin raba tsohuwa da gidanta."

"Yaushe rabonka da ka tambaye ta?"

"In tambaye ta me? Ginka magana ɗaya take yi."

Ban so a raba ta da gidanta ba, ko kaɗan. Amma rantsuwar da zan gada, ina so in ji ta daga bakin mai ita.

Washegari ni ke tuƙi. Da muka isa gada na ja birki, na sauka, na kama hawa da ƙafa, ƙanƙara har gwiwa. Bai Kolyo na ta ihu ta taga, "Ke! Haukacewa kika yi? Wa ya aike ki?" Na yi kunnen uwar shegu da shi.

Tun daga tsakar gida na ga abin da ban so ba. Garken awaki fayau. Babu sawu ko ɗaya zuwa rumbun itace, sai shingen da ke kusa da ƙofa aka ɓalle masa katako don hura wuta. A ciki na same ta zaune gaban murhu, tana narkar da ƙanƙara a tukunya.

"Ke 'yar wace ce?"

"'Yar Slavka ce, Baba, ta bayan makaranta."

"Ke ce kika tuƙo yau. Na ji kukan injin ya sake, ba hannun Kolyo ba ne. Shi yakan shaƙe ta kafin gada."

"Kina jin mu daga nan?"

"Kullum. Ku zo har gada, ku juya."

Na durƙusa kusa da ita. "Baba, tambaya ɗaya na zo yi. A buɗe hanyar, ko a bar ta?"

Ta juya ƙanƙarar da ke tukunyar. Sannan ta ce, "Wancan lokacin ina da awaki, ina da ƙarfi. Yanzu tsoro nake ji, 'yar nan. In na faɗi a tsakar gidan nan, sai bazara za a gan ni. Amma ni na sa mutum ya rantse a gaban mutane. Da wane baki zan ce ya warware?"

Tausayinta ya kama ni, haushi ma ya kama ni, ban san na wa ba.

Da na sauko na tarar Bai Kolyo ya cika ya yi fam. Na faɗa masa abin da na gani da abin da ta ce, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya nuna mini kujerar direba. Ya ce, "Sa giyar farko. Garma hagu, akwai rami a dama. Kome kika ji, kar ki ɗaga ƙafa."

Motar ta yi gurnani, ta zame sau ɗaya, amma ta hau. Ƙanƙara na zubewa gefe, hanya na fitowa baƙa a bayanmu.

Baba Ginka na tsaye bakin ƙofa, ta lulluɓa da mayafin ulu. Bai Kolyo ya sauka a hankali, ya cire hula.

"Kolyo, ka tsufa," in ji ta.

"Haba Ginka! Duk shekarun nan, ke ba ki da baki ne?"

"Kai kuma ba ka da ƙafa?"

Ya mayar da hularsa, ya zaro shebur daga bayan mota, ya fara haƙa mata hanya zuwa rumbun itace.